Tsahara, Uwar Murzuna da Irin Zangon Rabo

A Tajaye, idan mace ta buɗe tukunyar wake ko ta kwance ƙullin gari, wani ɗan ƙwaro mai fukafukai ya tashi, ba ta ɓata lokaci wajen tambayar maƙwabta. Rufe shi take yi cikin tafin hannu ta nufi gidan Tsahara. Na zauna kusa da ita dukan shekarun da na yi ina koyarwa a makarantar garin. Katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma ta kan wannan katanga na ji mafi yawan abin da zan faɗa a nan. Sauran na gani da idona, ko na ji daga bakin Wakili, ƙanen mijinta.

Mutane sukan haɗa waɗannan ƙananan halittu gaba ɗaya su kira su faɗa-wuta, saboda rububin da suke yi wa fitila. Tsahara ba ta yarda da wannan haɗaka ba. Takan ce wannan daidai yake da a kira dukan mutanen kasuwar Konni masu ƙafa biyu: ba a yi ƙarya ba, amma ba a nuna maka ɓarawo ba. A wurinta kowanne yana da gidansu, kuma kowane gida yana da irin ɓarnarsa.

Abin ya samo asali tun tana budurwa. Mahaifiyarta ta rasu ta bar mata zanen saƙi guda ɗaya, baƙi mai ratsin fari, aka naɗe shi aka adana a ƙasan adaka domin ranar aurenta. Da ranar ta zo aka ɗaga shi, sai ga shi kamar rariya. Mata suka ce asu ne, suka yi mata jaje, suka wuce. Ita kuwa ta zauna ta bi naɗin zanen a hankali har ta sami mai laifin: wani ɗan siriri mai ƙyallin zinariya, wanda ya fi son gudu da ƙafa a kan tashi. Ta dube shi har ta haddace kamanninsa. Daga ranar ba ta sake kashe ɗayansu ba tare da ta fara duba shi da kyau ba.

Hanyarta ba ta da wuya ga mai haƙuri. Takan fara da zaman ƙwaron. Wanda ya naɗe fukafukansa a jiki kamar tabarmar matafiyi, ɗan gidan rumbu ne. Wanda ya kifa su kamar jinkar ɗaki, daga gonar hatsi ya fito. Na wake kuwa shimfiɗa su yake yi kamar mai shanya, kuma akwai 'yar taga fara a kowane fiffike. Bayan haka sai ta shafa shi da yatsa ta dubi launin ƙurar da ya bari. Amma hukuncinta na ƙarshe ba a kan uwar yake ba. “Uwar ba ta cin kome,” in ji ta. “Ku nuna mini ɗanta da abin da yake ci, in gaya muku gidansu.”

Na tuna ranar da wata maƙwabciyarmu, Zuwaira, ta shigo a guje da hannu a dunƙule, tana cewa rumbunta ya halaka. Tsahara ta buɗe hannun ta leƙa.

“Wannan baƙo ne, fitila ya biyo. Na furen wake ne, ko kin ba shi hatsi a faranti ba ya ci.”

“Kin tabbata, Inna Tsahara?”

“Tafi ki duba tuwonki, shi ne ke ƙonewa.”

Gidan rumbu ma ta raba shi biyu. Akwai ƙarama mai launin busasshen kara, wadda tsutsarta ke shiga ƙwaya ɗaya ta cinye cikinta ta bar ɓawo. Akwai kuma babba mai launin toka, wadda Tsahara ta raɗa wa suna masaƙiya, domin tsutsarta tana ɗaure ƙwayoyi da zare har hatsi ya dunƙule ya yi wari. Duk cikin dangin babu wadda ta tsana kamar masaƙiya. Ta taɓa ganin yadda ta mayar da irin shukar wata gwauruwa curi guda, kuma ba ta manta da kukan matar ba.

Wanda ya yi noma a ƙasarmu ya san murzuna: tsutsar da ke shiga zangarniyar gero tana ɗanya, ta bi ta tana yanke ƙwaya tana zagayawa, har zangarniyar ta fito da tabo kamar an naɗa mata igiya an warware. Da yawa suna cewa iska ce ke kawo ta, waɗansu su ce raɓa. Tsahara ta lura cewa idan tsutsar ta ƙoshi, ƙasa take sauka. Wani rani ta tona gindin tsohon kara, ta sami waɗansu 'yan ƙwanso jajaye-jajaye, ta zuba su cikin tukunya da yashi, ta ɗaure bakin da tsumma. Da damina ta faɗi ta riƙa yayyafa musu ruwa duk ranar da aka yi ruwan sama. Bayan 'yan makonni sai ga abin da ya fito: faɗa-wuta mai launin ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, mai zaman jinka. Ta zagaya da tukunyar gida-gida tana nuna wa mata uwar murzuna.

Duk wannan sani abu ɗaya yake yi wa hidima, shi ne irin geron mijinta. Rabo ya gaji wani gero mai doguwar zangarniya daga mahaifinsa, irin wanda ake kira zango, ya kuma yi ta tace shi shekara bayan shekara har mutane suka riƙa ce masa zangon Rabo. Gonarsa tana can bayan dutse, nesa da gari, babu wata gonar gero kusa da ita. Shi ya sa bunnin wani hatsi, wato garin furensa da iska ke ɗauka, bai taɓa gauraya da nasa ba. A can suke da bukka da rumbu, a can suke yin damina. Kafin girbi Rabo yakan ratsa gonar da ɗansa Muttaƙa a bayansa, yana auna zangarniya da hannu, daga yatsa zuwa kafaɗa. Wadda ta kai ya nuna, Muttaƙa ya yanke. Daga nan aikin ya koma hannun Tsahara: ta ɗaure su da ganyen bedi, wato dogonyaro mai ɗaci, ta rataye su inda hayaƙin murhu ke bi, ta tsare su har shuka.

Muttaƙa ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa nuna masa so a gaban mutane ba, kamar yadda kunya ta tanada. Na koyar da shi a aji; yaro ne mai natsuwa, mai kyakkyawan rubutu. Bayan rasuwar Rabo ya fara tafiya cin rani kamar sauran samari, yana dawowa da ruwan farko. Wata shekara ya ce zai zarce Abijan. Ranar tafiyarsa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, “Inna, a aje mini irin Baba. In na dawo shi zan shuka.” Ba ta dube shi ba. Ta ci gaba da tankaɗe ta ce, “Allah shi kiyaye hanya.” Ruwan farko ya zo, shi bai zo ba, haka na baɗi, haka na bayansa.

Irin gero ba ya jimre doguwar ajiya. Idan ya yi shekaru a rataye, ransa mutuwa yake yi. Wanda ke son ya riƙe iri, dole ya shuka shi kowace damina ya sake zaɓa. Don haka Tsahara, da furfurarta, ta ci gaba da ƙaura bayan dutse duk shekara. Ban taɓa jin ta ce tana kewar ɗanta ba. Abin da takan ce shi ne, “Kada mai abu ya zo ya tarar babu.”

Mai taimakonta shi ne Wakili, wanda ke jigila da amalanken jaki tsakanin Tajaye da ƙauyuka. Tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, kuma nasu ya shahara a unguwa. Yakan kira ta amarya, ita ta kira shi angon jaki. Ya taɓa yayyanka gashin zabo ƙanana, ya ƙulle a ganye, ya kawo mata wai sabon ƙwaro ne daga Illela, a faɗi gidansu. Ta ɗauki abin da gaske har ta fito da shi rana tana juyawa, sai ta ji shi yana dariya a bayan danga. Tun daga nan, ko sallama ya yi sai ta leƙa ta tabbatar.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya yaudari manoma. Aka yi shuka, ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Tsahara ta sauko da sauran irin da takan rage saboda irin wannan rana, ta sake shukawa. Hatsin ci kuwa ya ƙare tun kafin noman maimai. Wato duk abin da ya saura na zangon Rabo a duniya yana tsaye ne a wannan gona. Geron ya yi kyau, ya yi ciki, ya fara fitar da kai. Ta share rumbu, ta yaɓe tsagoginsa, ta yi masa hayaƙi, tana jiran kaka.

A lokacin ne Maman Sani, malamin gona, ya zo Tajaye da waɗansu 'yan buhunan algarara. Ya tara magidanta a gindin bishiya bayan la'asar ya yi musu bayani. A cikin kowane buhu akwai ɗan hatsi, da tsutsar rumbu, da wani ɗan mitsitsin zanzaro. Zanzaron zai harbi tsutsar ya sa ƙwai a jikinta. 'Ya'yansa su ci ta su girma, su fita ta ƙofofin saƙar buhun, su bazu cikin gonaki suna neman murzuna su yi mata abin da aka yi wa tsutsar rumbu. Mata ba sa zama a irin wannan taro, Tsahara kuma tana bayan dutse. Da aka zo rabawa, Wakili ya karɓi na gonar yayansa, domin ta yi nisa da inda za a rataye na gari. Washegari da hantsi ya isa.

“Amarya, fito ki amshi lefe!”

“Lefen da jaki ya jawo, jaki za shi sa. Mi ka kawo, angon jaki?”

“Maganin murzuna. Malamin gona ya ce a rataye shi jikin rumbu, wajen inuwa, kuma kar a buɗe.”

“Mi ke ciki da ba a son in gani?”

“Zanzaro.”

“Zanzaro. Cikin buhu.”

“Ƙarami ne, bai kai sauro ba. An sa mishi tsutsa ta zama guzuri. In ya haihu, ɗiyanshi su fita su kashe murzuna.”

Tsahara ta yi dariya har ta dafa rumbu. “Guzuri! Ba a haɗa mishi da goro da buta ba? Waccan shekara gashin zabo, bana zanzaro mai guzuri. Kai dai Allah shi shirye ka.”

“Wallahi, Yaya Tsahara, wannan karon...”

“Kar ka rantse, kana da iyali.”

Wakili ya rataye buhun da kansa, ya sake jaddada mata kada ta taɓa, ya tafi, domin yana da kayan da zai kai wani ƙauye. Ƙarar amalanken na ɓacewa ta sauko da buhun ta kwance. Abin da ta gani ya tsayar mata da dariya. Hatsin ciki ya dunƙule da zare, ga kuma tsutsotsi farare kwance a ciki. Ba ta bukatar a gaya mata: 'ya'yan masaƙiya ne, a jikin rumbun da ta share domin irin da ba shi da madadi. Waɗansu 'yan ƙananan abubuwa suka tashi suka wuce ta gefen fuskarta; ta kore su da hannu, ta ɗauka ƙudajen ruɓa ne. Ta yi tsammanin wasan Wakili ne ya wuce iyaka, ko kuwa an ba shi lalataccen kaya bai sani ba. Ta yi nisa da rumbu, ta zazzage buhun, ta kira kaji. Buhun kansa ta jefa shi murhu.

Murzuna ta zo a kan lokacinta. Da almuru Tsahara ta ga iyayen suna shawagi a kan zangarnu, ta san su, ta kuma san abin da zai biyo baya. Ta bi gonar da ƙwarya tana tsince tsutsa da hannu tun daga safe har rana ta yi zafi, amma hannu biyu ba sa tsare gona. Ba a daɗe ba dogayen zangarnun nan suka yi ta fitowa da naɗin igiya, ƙwaya tana zuba ƙasa kamar dusa.

Gonakin gari ma an taɓa su, amma ba haka ba. Da Wakili ya ga halin da ake ciki, sai ya ɗauko Maman Sani a amalanke. Malamin ya zagaya gonar, sa'an nan ya tambayi inda aka rataye buhun.

“Kaji sun ci,” in ji Tsahara. “Masaƙiya ce a ciki, ɗana. Na san ta kamar yunwar cikina.”

“Ba ki yi kuskuren gani ba, Inna, ita ce.” Ya ciro wata zangarniya da ya tsinko daga gonar gari, ya buɗa tsakanin ƙwayoyin da farce. “Amma dubi nan.”

Murzuna ce a kwance, ta yi baƙi ta shanye, a gefenta kuma akwai waɗansu 'yan fararen ƙwanso da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce gidajen 'ya'yan zanzaron ke nan. Sun cinye ta, sun fita neman wata. Tsahara ta karɓi zangarniyar ta juya ta wajen haske. Ta daɗe tana dubawa. Ta san babban zanzaro mai gina ɗakin laka yana kai wa 'ya'yansa tsutsa; ba ta taɓa sanin yana da ƙane ba.

“Ashe guzurin gaskiya ne,” ta ce a hankali.

“Ban ce da buhun ya ceci gonar duka ba,” in ji Maman Sani. “Bana ta yi yawa. Amma da ya rage. Da na sani, da na zo da kaina.”

Wakili yana tsaye riƙe da igiyar jaki. Tsahara ta dube shi tana jiran zolaya, domin ta ba shi abin da zai shekara yana yi mata. Shi kuwa ya juya ya shiga gyara wa jakin igiya. Ya gaya mini daga baya cewa a ranar ya yi da-na-sanin gashin zabo.

Ba ta zauna kuka ba. Ta bi gonar kara-kara da 'yar wuƙa, tana yanke duk guntun zangarniyar da tsutsa ta tsallake, wani tsawon yatsa, wani tsawon tafi. Babu zancen aunawa zuwa kafaɗa. Da ta murje ta sheƙe, abin bai cika ƙaramar ƙwaryar shan fura ba. Ta gauraya shi da toka, ta zuba a gora, ta toshe bakin da laka, ta rataye a hayaƙi.

Cikin wannan rani Muttaƙa ya kira wayar Wakili, kamar yadda yakan yi jifa-jifa. Wakili ya kawo wayar gidan ya buɗe muryar, ina jin su ta kan katanga. Tsahara ba ta karɓar waya daga ɗan fari. Takan zauna ta ba ta baya, Wakili ya zama ɗan aike a tsakaninsu, alhali kowa yana jin kowa. Bayan gaisuwa sai muryar ta ce, “Baba Wakili, irin nan shina nan?”

Wakili ya juya ya dubi Tsahara.

“Ka gaya ma ɗanka shina nan,” in ji Tsahara. “Ba shi da yawa. Amma shina nan.”

“Ka ce ma Inna baɗi, in Allah ya yarda.”

“Ka ce mishi mun ji.”

Da damina ta kusa, Wakili ya kawo mata iri mai kyau daga nasa rumbun domin a cike gonar. Ta ƙi. Idan aka shuka wani gero kusa, iska za ta haɗa bunninsu, kuma abin da za a girbe ba zangon Rabo ba ne, ko da ya yi kama da shi. Ta shuka abin da ke cikin goran a kusurwa ɗaya, ƙwaya kaɗan-kaɗan a kowane rami, sauran gonar ta zuba wake. Ma'anar wannan ita ce, za ta sake shekara ba ta da hatsin kanta, sai abin da aka aiko daga gidan Wakili; ga mace irin Tsahara wannan ya fi yunwa ciwo. Wakili ya sauƙaƙa mata ta hanyar da ya iya. Duk ranar da ya kawo hatsi sai ya ce, “Amarya, ga cefane, kar a ce ban iya riƙon gida ba,” ita kuma ta ce a gode wa jakin, shi ya yi ƙoƙari.

Da gero ya yi ciki, ita da kanta ta hau amalanke ta je ta nemi Maman Sani ta karɓi buhu. Amma ba ta rataye shi a jikin rumbu ba. Ta kai shi can kan wata aduwa a ƙarshen gona, inda akwai inuwa, kuma kowace safiya sai ta duba bangon rumbun ko wata masaƙiya ta tsere wa zanzaro ta biyo hanya. Gidan masaƙiya bai canza ba a wurinta. Ta yarda dai cewa yana da amfani, matuƙar yana ɗaure a buhu. Kusurwar ta ba da 'yan dammuna. A cikinsu ta sami zangarnun da suka kai daga yatsa zuwa kafaɗa, ko da yake da nata hannun ta auna, wanda bai kai na Rabo tsawo ba.

Yanzu ina zaune a Konni, amma nakan leƙa Tajaye. Zuwan da na yi na ƙarshe ya dace da lokacin da gero ke fitar da kai. Na tarar da ita a bayan dutse. Zangon Rabo ya sake cika gonar, buhu yana kan aduwa, sauran iri kuma yana rataye a bukka, ɗaure da ganyen bedi. Muttaƙa bai zo ba. Ya ce baɗi. Muna zaune a ƙofar bukkar rana tana faɗuwa, sai wata uwar murzuna ta sauka a kan zanenta. Ta kama ta, ta dubi ɗigon fiffiken kamar yadda ta saba.

“Kin gani, Malama,” ta ce, “wagga tana yin rani cikin ƙasa, babu mai kiranta, babu mai aje mata kome. Amma ruwa na sauka ta san hanyar gona.”

Ta murƙushe ta, ta goge yatsa a ƙasa, ta tashi ta shiga bukka, ta matsar da irin zuwa inda hayaƙi ya fi bi.